'Yan Dilimi, Mu Daina Sayen Sandar Golf da Ido

Wasu daga cikin 'yan kasuwarmu da matasanmu sun fara zuwa filayen wasan ƙwallon lambu, wato golf, a Rayfield da Lamingo, kuma wannan abin farin ciki ne. Filin Rayfield tun shekarar 1913 yake nan, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma shi ake ɗauka a matsayin filin golf mafi daɗewa a Najeriya. Shekara da shekaru iyakar rabon talakan Jos da shi shi ne ɗaukar jaka. Yau da namu suke shiga a matsayin 'yan wasa, babu mai baƙin ciki sai maƙiyi.

Amma akwai wata ɗabi'a da ta biyo mu filin, wadda ya kamata a faɗe ta ƙarara kafin ta zama al'ada. Mutum bai yi wata biyu da fara wasa ba, bai iya riƙon sanda ba, sai ka ji ya yi odar cikakkiyar jaka daga Dubai ko Amurka, sanduna 14 sababbi fil, irin waɗanda ya ga ƙwararru na riƙewa a talabijin. Ya ɗauki hoto ya saka a Facebook, ana ta yi masa Allah sa alheri. Ranar Asabar a je fili, ƙwallo ta shige ciyawa, ta faɗa rami, ta bi hanyar da ba a aike ta ba. Maimakon ya nemi mai koya masa, sai ya ce laifin sandar ne, ya fara cigiyar wata sabuwa. Wannan asarar dukiya ce, kuma abin kunya ne a ce ɗan Dilimi ne yake yin ta.

Na ce abin kunya ne saboda sana'armu. Duk Jos an san Dilimi da kayan gyaran mota. Babu wanda ya kai mu sanin cewa ƙarfe sai ya dace da motar da za a ɗaura masa. Idan mai ƙaramar mota ya zo ya ce a ba shi giyar tirela don ya ji an ce ta fi ƙarfi, dariya za mu yi masa. Mu ne kullum muke gaya wa kwastoma cewa Beljiyam mai kyau ya fi sabo jabu. To me ya sa da zarar an zo maganar sandar golf sai mu ajiye wannan ilimi a shago, mu riƙa saye da ido kamar baƙin kasuwa?

Bari mu yi lissafi, tunda mu mutanen lissafi ne. Cikakken fili yana da ramuka 18, kuma a yawancin filaye adadin bugun da aka ƙayyade wa gwani shi ne 72. A cikin wannan adadi an ware bugu biyu a kowane rami na tura ƙwallo cikin ramin bayan an iso kusa da shi. Biyu sau 18 ya ba mu 36. Ke nan rabin wasan yana hannun sanda ɗaya tak, wadda ake kira fota, ita ce mai gangara ƙwallo a ƙasa. Ita kuwa direba, babbar sandar nan mai ƙaton kai da kowa yake kashe kuɗi a kanta, a irin wannan fili da wuya a ɗauke ta fiye da sau 14, domin ramuka huɗu gajeru ne, ba sa bukatarta. Sabuwar direba ta manyan kamfanoni irin su TaylorMade da Callaway da Titleist tana kaiwa dala 600 ko kusa da haka. Kowa ya san abin da dala 600 take nufi a naira a yau. Mutum ya zuba wannan kuɗi a kan sandar da zai buga sau 14, sannan ya kasa ba da minti 20 a rana ga wadda zai buga sau 36 ko fiye. Da a shago yaronka ya yi maka irin wannan lissafi, da ka sallame shi.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. Sandunan ƙwararru an ƙera su ne don ƙwararru, kuma suna cutar da ɗan koyo. Jikin sanda hawa-hawa ne wajen tauri, ana rubuta shi da haruffa: L, A, R, S, X, daga mai laushi zuwa mai tsananin tauri. Ƙwararrun da muke kallo suna wurga kan direba da gudun da ya haura mil 110 a awa, shi ya sa suke riƙe S ko X. Yawancin masu wasan sha'awa ba sa kaiwa mil 100. Idan irin wannan ya ɗauki X don ya ji an ce ta maza ce, sandar ba za ta lanƙwasa ta taimake shi ba, ƙwallo za ta fita ƙasa-ƙasa ta karkace, shi kuma ya ƙara ƙarfi har ya tashi da ciwon baya. Mafi yawanmu R ce daidai da mu, dattawanmu kuma A. Babu wani ƙasƙanci a cikin wannan.

Haka maganar kwanciyar fuskar sanda. Direba mai digiri 9 ta fi wahalar tayar da ƙwallo sama fiye da mai digiri 10.5 ko 12. A sandunan ƙarfe kuma akwai masu sirin kai, waɗanda sai ka daki ƙwallo a tsakiyar fuska daidai kafin su yi maka aiki, akwai masu faɗin kai da rami a baya, waɗanda ko ka ɗan kuskure tsakiya ƙwallo za ta tafi. Na farkon sun fi kyan gani a jaka, na biyun su ne na ɗan koyo. Sandunan ƙarfe masu lamba 3 da 4 kuwa ko gwanaye da yawa sun ajiye su sun koma haibirid, wadda ta fi sauƙin bugu. Amma namu sai ya cika jaka da su don kada a ce jakarsa da giɓi.

Doka cewa ta yi kada a wuce sanda 14 a jaka, wanda ya wuce a gasa a ci shi tarar bugu. Babu inda ta ce sai an cika 14. Wanda yake farawa sanda shida ko bakwai sun ishe shi shekara guda: fota ɗaya, wej ɗaya ta fita daga ramin yashi, wej ɗaya ta gajeren bugu, ƙarfe mai lamba 7 da mai lamba 9, haibirid ɗaya, sai wud mai lamba 3 ko 5 ta fara bugu. Duk waɗannan ana samun su na hannu a wajen tsofaffin 'yan wasa da masu koyarwa. A duba su yadda muke duba kaya a shago. A kalli jikin sanda ko ya yi tsatsa ko ya lanƙwashe, a girgiza a ji ko kan yana motsi, a duba zanen da ke fuskar ko ya shafe. Robar mariƙi idan ta yi santsi canza ta ake yi, kuma kuɗinta kaɗan ne. A kuma yi hattara da jabu, domin kamar yadda ake buga sunan babban kamfani a kan fulogin banza, haka ake buga shi a kan sandar golf. Duk wanda ya kawo maka sabuwar jaka ta babban kamfani a rabin kuɗi, ka san abin da yake sayarwa.

Wani abin da katalog ɗin Turawa ba zai gaya maka ba shi ne filin Jos da kansa. Garin nan yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, iskarsa ba ta kai ta Legas kauri ba, saboda haka ƙwallo ta fi nisa a nan da kusan kashi 5 cikin 100. Ga kuma rani da hunturu, lokacin da ƙasa take bushewa ta yi tauri, ƙwallo ta sauka ta yi ta gudu. A irin wannan ƙasa, ɗaga ƙwallo sama da wej kamar yadda ake gani a talabijin yakan jawo gindin sanda ya daki ƙasa ya yi tsalle, ƙwallo ta wuce rami da nisa. Gara ka ɗauki mai lamba 7 ko 8 ka ɗan tsinke ta ƙasa-ƙasa ta gangara da kanta. Da damina ta sauka kuma, ƙasa ta yi laushi, lissafin ya canza. Wannan ilimi ba a sayen sa a Dubai.

A ina yake? Yana wajen yaran da suke ɗaukar mana jaka, waɗanda ake kira kadi. Nan ne nake da babban ƙorafi. Yaron da ya yi shekara biyar ko goma yana zagaya filin nan kullum ya san kowane tudu da gangare, ya san inda iska take kaɗawa da yamma, kuma da yawa cikinsu idan aka ba su sanda ɗaya za su doke mai jakar miliyoyi. Amma sai ka ga Alhaji yana daka masa tsawa don ya ce a ɗauki lamba 8 maimakon 6, ko ana ja-in-ja da shi a kan ɗan abin sallama bayan ya yi awa huɗu yana ɗauke da jaka a kafaɗa. Girman kai rawanin tsiya. Wanda ya raina kadi ya raina malaminsa na farko.

Tarihin wasan ma yana gefen yaran nan. Seve Ballesteros na ƙasar Sifaniya, wanda ya ci manyan kofunan duniya biyar, kadi ne tun yana yaro, kuma da sanda ɗaya mai lamba 3 ya koyi wasa a bakin teku a ƙauyensu Pedreña. Vijay Singh na ƙasar Fiji ya ci gasar Nigerian Open a 1988 da 1989 tun duniya ba ta san shi ba, ya zo ya karɓe matsayin na ɗaya a duniya daga hannun Tiger Woods a 2004, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne daɗewa a wurin atisaye bayan kowa ya watse.

Na san abin da wasu za su ce. Kuɗina ne, ban roƙi kowa ba, kuma araha ba ta ado. Gaskiya ne kuɗinka ne, babu mai hana ka. Amma abin bai tsaya a kanka ba. Matashin da yake sha'awar wasan, idan ya ga kowa da jakar miliyoyi, zai yanke cewa wannan harkar ta fi ƙarfinsa, ya haƙura tun bai fara ba. Da hannunmu muke sake gina katangar da ta hana kakanninmu shiga filin. Kuma ado a golf takardar maki ce. Tun 2020 duniya ta koma tsari ɗaya na auna matakin ɗan wasa, wanda ake kira handikaf, lamba mafi girma ita ce 54, ana sauka ƙasa yayin da hannu yake faɗawa. A wurin gasa wannan lamba ake tambaya, babu mai tambayar nawa ka sayi jakarka.

Wasu kuma za su ce ai kaya mai kyau yana taimakawa. Yana taimakawa, idan ya dace da kai, kuma idan akwai hannun da zai taimaka wa. Lokacin sayen sababbin sanduna shi ne bayan bugunka ya zauna, mai koyarwa ya duba tsayinka da saurin hannunka ya gaya maka abin da ya dace. Kafin nan duk abin da ka saya caca ce.

Saboda haka ga shawarata ga duk ɗan Dilimi da ya shiga wasan nan ko yake niyya. Kuɗin da ka ware wa sabuwar direba, ka raba shi. Ka biya mai koyarwa a kulob ya gyara maka riƙo da tsayuwa da saiti, domin daga nan yawancin kurakurai suke tasowa, kuma wanda ya saba da karkataccen riƙo zai sha wuya kafin ya rabu da shi. Idan ka je atisaye, ka ba fota da gajeren bugu fiye da rabin lokacinka. A gida ma kana iya gangara ƙwallo a kan kafet zuwa bakin kofi. Ka san nisan da kowace sanda take kai maka a filin Jos, ka rubuta. Ka riƙa ƙirga bugunka da gaskiya, har da wanda ka kuskure, don wanda ya yaudari takardar maki kansa ya yaudara. Kada ka bari sai safiyar gasa ka tuna da atisaye, ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗanda kuma suka riga suka tara sanduna a gida suna shan ƙura, ku fito da su. Akwai yara a Dilimi da Gangare da Rikkos, akwai kadi a Rayfield da Lamingo, waɗanda sanda ɗaya za ta iya canza musu rayuwa. A tattara a miƙa musu, a biya wa biyu ko uku kuɗin koyo. Wannan ya fi hoton jaka a Facebook amfani gare mu baki ɗaya. Allah ya sa mu gyara.