Kafin a saki manhajar kallo, a gwada ta da sabis irin na Doguwa

Mai kallon fim a Tudun Wada ko Riruwai ba ruwansa da yaren da aka rubuta manhaja da shi. Abin da ya sani shi ne ya sayi data, ya danna fim, hoto ya tsaya yana ta juyawa. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, haƙurin jira ya ragu. Idan manhaja ta yi masa haka sau biyu, goge ta zai yi ya koma shagon masu tura fina-finai, inda wanda ya zuba jari a fim ɗin ba lallai ne ya ga ko kwabo ba.

Yawancin irin wannan matsala ana iya kama ta tun manhajar ba ta bar kwamfutar mai rubuta ta ba, idan ya haɗa editan da yake rubutu a ciki da na'urar kwaikwayo, wato wayar bogi da ke aiki a cikin kwamfuta. Kayan aikin duk kyauta ne. VS Code, wanda Microsoft ya fitar a 2015, shi ne editan. Android Studio yana zuwa da wayar kwaikwayo, har da talabijin ɗin Android. Gadar da ke haɗa su ita ce ADB. Mai amfani da Flutter zai zaɓi wayar bogin a cikin editan, ya danna F5, ya sanya alamar tsayawa a layin da yake zargi. Da manhajar ta iso wurin sai ta tsaya cak, ya duba abin da ke cikinta a daidai lokacin da bidiyo ya maƙale.

Akwai wani tarko da ke cin sabbin shiga. Idan bidiyon gwaji yana kan kwamfutar mai aikin, adireshin 127.0.0.1 ba zai kai shi can ba, domin a wurin wayar bogin wannan adireshin nata ne. Wanda ake sa wa shi ne 10.0.2.2.

Sai dai haɗawa kawai ba ta wadatar. Wanda ya yi gwaji a kan intanet mai gudu a cikin birnin Kano, ya ga fim yana tafiya sumul, bai san komai ba game da mai kallon da ke Kiru ko Bebeji. Na'urar kwaikwayon Android tana ba da damar rage gudun sabis zuwa EDGE ko GPRS, da ƙara masa jinkiri, bayan an kashe Wi-Fi ɗin cikinta. Ana kuma iya katse sabis ɗin a tsakiyar fim, kamar yadda zai iya faruwa ga fasinjan da ya taso daga Kwanar Dangora ya shiga dajin Falgore. A nan ake samun amsoshin da suka shafi aljihun mai kallo: shin manhajar tana sauko da ingancin hoto da kanta, kamar yadda tsarin HLS ya tanada? Idan sabis ya dawo, daga inda aka tsaya take ci gaba, ko daga farko, ta sake cin data? Tana yi wa mutum bayani da Hausa, ko baƙin allo kawai take nuna masa?

Masu cewa na'urar kwaikwayo tana da nauyi suna da gaskiya. Kwamfutar da ba ta kai RAM giga 8 ba za ta sha wahala, ga saurin cinye batir a inda wuta ba ta da tabbas. Kuma wayar bogi ba ta zafi, ba ta cika da hotunan biki kamar Tecno ko itel ɗin da ke hannun jama'a. Amma wannan ADB ɗin dai yana haɗa editan da waya ta gaske ta igiyar USB, da zarar an buɗe saitin masu haɗa manhaja ta hanyar danna lambar ginin wayar sau 7. Fifikon na'urar kwaikwayo shi ne tana maimaita matsala ɗaya sau ashirin har a gano tushenta, abin da sabis na gaske ba zai tsaya ya yi wa kowa ba. A fara da ita, a kammala da waya mafi arha da ake iya samu.

Ya kamata masu koyarwa a shirin 3MTT, da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, su mayar da gwajin raunin sabis darasi na dole. Su kuma masu dandalin fina-finan Kannywood, kada su karɓi manhaja daga hannun wanda suka ba aiki sai ya nuna musu tana tafiya a kan EDGE. Matashin da ya taso a Doguwa ya fi kowa sanin inda sabis ke ɗaukewa, kuma wannan sani jari ne a wannan sana'a.