Mudun Awo Ma Sai An Auna Shi

Kowane mai awon hatsi ya san cewa in mudu ya loma, duk abin da aka auna da shi ya zama abin tuhuma. To, haka lamarin yake a ilimin ƙididdiga, musamman wajen binciken da ake bin sawun mutane shekara da shekaru.

Alal misali, manazarci ya bi yara tun daga aji ɗaya har aji huɗu, yana son ya tabbatar cewa koyarwa da harshen uwa tana ƙara wa yaro iya karatu, iya karatun kuma shi ke ɗaga shi a lissafi. A nan iya karatu ya zama ɗan tsakani. Yadda ake gane ƙarfinsa shi ne a ninka tasiri na farko da na biyu, sa'an nan a nemi ma'aunin kuskure, wato adadin da ke nuna yadda sakamakon zai iya sauyawa da wasu yaran aka ɗiba.

A 1982 Michael Sobel ya fito da hanyar lissafa wannan ma'auni, ta kuwa sami karɓuwa ƙwarai. Sai dai an gina gwajin bisa zaton cewa sakamakon yana bazuwa daidai-wa-daida dama da hagu, alhali ninkin adadi biyu yakan karkata gefe guda, musamman in mutanen ba su da yawa. Saboda haka gwajin yakan kasa gano tasirin da ke nan. Fritz da MacKinnon sun nuna a 2007 cewa in tasirin biyu ƙanana ne, hanyar Sobel tana bukatar mutum 667, amma wani nau'i na dabarar sake ɗiba, wadda Bradley Efron ya aza harsashinta a 1979, 462 sun ishe shi.

Matsala ta biyu ta fi wannan hatsari. Yaro ɗari da aka gwada sau huɗu ba su zama yara ɗari huɗu ba, domin makin yaro na bana yana da nasaba da na bara. Wanda ya manta da wannan, ma'aunin kuskurensa yakan fito ƙarami, sai ya yi shelar abin da bai tabbata ba.

Don haka ya wajaba ɗalibi ya bayyana hanyar da ya bi, ya yi la'akari da maimaita gwaji a kan mutum guda, malamai kuma su daina karɓar lambobi don kawai kwamfuta ce ta fitar da su. Hujjar kare harshen uwa in ta tsaya kan mudu lomamme, ranar da masu adawa suka gano lomar, har gaskiyar da ke cikinta sai a yi watsi da ita.