Masassarar Tsoho Idan Ta Daɗe, A Daina Ɗora Wa Sauro Laifi

A jihar Kebbi ba a raina sauro. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu ƙwayar cutar maleriya a jinin kashi 52 cikin 100 na ƙananan yaran jihar, na 2021 kuma ya samu kashi 49, kuma duka biyun babu jihar da ta kai Kebbi. Shi ya sa da aka tashi fara rigakafin maleriya a Nijeriya a watan Disamba na 2024, da Kebbi da Bayelsa aka soma. Wanda ya taɓa kwana a Argungu da damina, ko a unguwannin Birnin Kebbi da ke bakin fadamar Rima, ba sai an karanta masa alƙaluma ba. Don haka idan jikin Baba ya yi zafi aka fara zargin sauro, an yi daidai. Inda ake kuskure shi ne a mako na biyu da na uku, masassara ba ta sauka ba, zargin kuma bai sauya ba.

Kusan kowane gida ya san yadda abin yake tafiya. Dattijo ya fara jin sanyi da la'asar, ya rage cin tuwo, sai a aika yaro kemis ya karɓo maganin maleriya. Ya ɗan warware, bayan kwana huɗu masassara ta dawo. A je gwajin jini, takarda ta fito da "maleriya da taifot". A yi allurai, a sa ƙarin ruwa leda biyu, a dafa ganyen dogon yaro a yi surace. Wata guda ya shuɗe, rigarsa ta yi masa yawa, ya koma yin salla a zaune. Sai wani daga cikin manyan gida ya ce, "Ai jikin tsufa ne, sai haƙuri." Da wannan magana ake rufe bincike.

Takardar gwajin nan tana buƙatar a karanta ta da hankali. Babban mutum da ya tashi a bakin gulbi yana iya yawo da ƙwayar maleriya a jininsa ba tare da ta kwantar da shi ba, kuma gwajin gaggawa da ake yi da ɗigon jini yakan ci gaba da nuna cutar makonni bayan an warke. Samun ta a jini bai tabbatar da cewa ita ke kawo zafin ba. Maganin maleriya na kwana 3 idan mai kyau ne kuma an sha shi daidai, ya kamata zazzaɓi ya sauka kafin a gama shi ko jim kaɗan bayan haka. Gwajin taifot da aka fi yi kuwa, wato Widal, wani likitan Faransa ne ya ƙirƙiro shi a 1896, kuma yakan nuna alama ga wanda ya taɓa yin cutar a da, ko wanda wata cuta dabam ke damu. Abin da ke tabbatar da taifot shi ne a shuka jini a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro.

Likitoci sun daɗe da ware irin wannan zazzaɓi. A 1961 wasu likitocin Amurka biyu, Petersdorf da Beeson, suka fayyace shi: zafin jiki sama da digiri 38.3 a lokuta dabam-dabam, fiye da mako 3, an bincika ba a gano dalili ba. Ga tsofaffi lissafin ya fi wuya, domin jikinsu ba ya ɗaukar zafi kamar na matasa. Tsohuwa na iya fama da ciwon huhu mai tsanani ma'auni bai wuce 37.8 ba. Alamar takan zo ne a matsayin ruɗewa, yawan barci, faɗuwa a banɗaki ko ƙin abinci.

Cuta ta farko da ya kamata a nema ita ce tarin fuka. Nijeriya ce kan gaba a Afirka a yawan masu kamuwa da shi, kusan mutum rabin miliyan a shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙwayarsa na iya kwanciya a jikin mutum tun yana saurayi, ta jira sai tsufa ko ciwon suga ya raunana garkuwarsa. A jikin tsoho kuma ba lallai ne ya zo da tari ba. Yana iya zama a ƙashin baya, ko a ciki, ko a kaluluwar wuya, abin da za a gani kawai rama ne da gumin dare da zazzaɓin yamma. Abin takaicin shi ne gwajin kaki da maganin wata 6 duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, na'urar GeneXpert tana ba da sakamako cikin kusan awa 2, akwai ma lambar kira kyauta, 3340. Iyalin da suka ƙarar da kuɗin buhun shanshera a kan allurai da ba su dace ba, da sun samu wannan ba tare da sisi ba. Ga kuma jikoki da ke kwana ɗaki ɗaya da kaka suna shaƙar numfashinta.

Sana'ar mutum ma tana nuna inda za a duba. Makiyayi ko mahauci da ya yi shekaru yana taɓa jini da mabiyiyar saniyar da ta yi ɓari, ko yana shan madarar da ba a tafasa ba, yana iya ɗaukar bakkale, cutar shanun da Fulani suka sani sarai. A jikin mutum zazzaɓi take kawowa mai tafiya ya dawo, da gumi da ciwon gaɓoɓi da na baya, kuma maganinta sai an yi mako 6 ana sha. Masunci da manomin shinkafa da suka tsufa cikin ruwan fadama kuwa, tsargiyar ƙuruciya takan bar musu tabo a mafitsara. Idan aka haɗa da kumburin da ke tare wa maza tsofaffi hanyar fitsari, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama su haura ƙoda. Ƙurji a cikin hanta ma haka yake ɓuya, sai an ɗauki hoton ciki ake ganinsa. Mai ciwon suga kuma a cire masa takalmi a duba tsakanin yatsu da tafin ƙafa.

Ba duka ne na ƙwayoyin cuta ba. Ciwon daji na kaluluwa, na hanta ko na ƙoda kan fara da zazzaɓi. Akwai kumburin jijiyoyin jini na gefen goshi da ke kama waɗanda suka haura shekara 50, da ciwon kai da gajiyar muƙamuƙi wajen tauna, wanda in an yi jinkiri yake makantarwa. Wani lokaci ma maganin da ake sha ne da kansa ke tayar da zafin.

Haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda a kemis ya cancanci a yi masa magana ta musamman. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Suna sauke zafi, su buɗe cin abinci, gida ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali suna danne garkuwar jiki, suna tayar da suga, suna ba tarin fuka fili. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake sha barkatai kuma suna ɓata gwajin shuka jini, likita ya nema bai samu komai ba.

Da sanƙarau ya ɓarke a Gwandu da Jega da Aliero har aka sanar da mutuwar mutum 26 a watan Maris na 2025, hukumomi sun tashi tsaye, kuma haka ya kamata. Tsohon da ke ramewa a ɗakinsa a Gulma ko Ambursa shi kaɗai ne, babu mai ƙirga shi. Kunya ma tana da nata rabo: ɗa ba ya iya tambayar mahaifinsa yadda fitsarinsa yake, ma'aikacin lafiya matashi yana jin nauyin ba dattijo shawarar gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, duk da cewa ita ma ba ta duba shekaru.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Ma'aikatar lafiya ta jiha za ta iya kafa ƙa'ida ga kowace ƙaramar cibiya: duk wanda ya haura shekara 60, zazzaɓinsa ya kai mako 2 ko ya dawo bayan maganin maleriya, a karɓi kakinsa, a gwada suga da fitsari, a rubuta masa takarda zuwa babban asibiti. Hoton ƙirji da na ciki da shuka jini su samu a Babban Asibitin Argungu da na Sir Yahaya a farashin da talaka zai iya, masu wuyar ganewa a tura su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa, don haka hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, ta bi su har ƙauyuka ta yi musu rajista, kuma kuɗin gwaji ya shiga cikin abin da za ta biya.

Iyali kuma su sayi ma'aunin zafin jiki, su riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Ranar zuwa asibiti a tafi da wannan takarda, da duk kwalaye da ledojin magungunan da Baba ko Inna suka sha, har da na gargajiya, kuma wanda zai yi rakiya ya zama mai jinyar da ya san ranar da ciwon ya fara.