Kwanon Fanci a Wurin Biki: A Gaya wa Baƙo Abin da Ke Ciki

A wannan mako wasiƙa ce ta zo mini daga Landan, daga wata 'yar'uwarmu da ta bi maigidanta can wurin karatu. Ta ce maƙwabciyarta, wata dattijuwa mutuniyar Jamaika wadda suke zaman mutunci da ita har tana kiranta Iya, za ta aurar da 'yarta, ana kuwa sa ran mutum kamar 40 a wurin liyafa. Iya ta nemi shawararta a kan irin fancin da ya kamata a ba taron, ko mai abarba, ko mai lemun tsami, ko kuwa ja irin na garinsu. Ita 'yar'uwar tamu ba ta san ko mene ne fanci ba, kunya kuma ta hana ta tambaya, shi ne ta rubuto.

To, 'yar'uwa, kin yi daidai da kika tambaya. Fanci abin sha ne da ake haɗawa cikin ƙaton kwano a ajiye a tsakiyar taro da ludayi, kowa ya zo a zuba masa. Sunan ya fara bayyana a rubutun Ingilishi a 1632, daga wajen Turawan da ke fatauci a Indiya, kuma ana cewa daga kalmar Indiyanci mai nufin biyar aka samo shi, saboda abu biyar ake haɗawa: giya, da sukari, da lemun tsami, da ruwa, da kayan ƙamshi. Amma inda ya sami gidan zama sosai shi ne tsibiran Karebiyan, watau su Barbados da Jamaika da Tirinidad. Turawan Ingila sun zauna Barbados a 1627, daga wajen 1640 suka duƙufa kan noman rake da ƙarfin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Idan an tsame sukari daga ruwan rake, akwai wani baƙin ruwa mai kauri da yake raguwa. Shi ne ake bari ya yi tsami, a dafa, a tatsi tururinsa, sai ya zama barasar da ake kira ram. Ita ce uwar fancin waɗannan ƙasashe.

Mutanen Barbados suna da awo wanda kowace uwargida ta sani da ka. Mudu ɗaya na tsami, watau ruwan lemun tsami. Biyu na zaƙi, watau sukarin da aka narkar da ruwa. Uku na ram. Huɗu na ruwa ko ƙanƙara. Sa'an nan a kankare gyaɗar ƙamshi a bisa, wadda tsibirin Giranada yake nomawa har ya sa ta a tutarsa. Ni dai awon nan ya burge ni, domin da gwangwanin madara ɗaya mace za ta iya auna wa mutum biyar ko mutum ɗari ba tare da ta rikice ba.

Amma fa ku 'yan makaranta ku ɗauko alli mu yi lissafi, don a nan maganar take. Ram ta kasuwa kashi 40 cikin 100 nata barasa ce tsantsa. In an zuba mudu uku cikin goma, fancin ya tashi da kashi 12 cikin 100 ke nan. Giyar kwalba ta yau da kullum ba ta wuce wajen kashi 5 ba. Ashe kofi ɗaya na fanci ya fi kofi biyu na giyar kwalba ƙarfi. A Jamaika kuwa akwai farar ram ta kamfanin Wray & Nephew mai kashi 63, wadda suke ji da ita ƙwarai, in da ita aka haɗa sai lissafin ya kai kusan kashi 19. Mutum 40, kowa kofi biyu na rubu'in lita, lita 20 ake bukata. Lita 6 daga ciki ram ce, watau manyan kwalabe takwas. Kwalba takwas, jama'a, a cikin kwano ɗaya da yake ƙamshin abarba!

Abin da ya sa na ce a nan maganar take, giyar kwalba ba ta ɓoye kanta. Tana da ɗaci, tana da wari, sunanta na rubuce a jikinta, wanda ba ya sha zai gani ya kauce, wanda yake sha ya san kwalba nawa ya shanye. Fanci kuwa sukari da sanyi sun rufe masa baki. Yarinya za ta kurɓa ta ji zaƙi, ta ƙara, ta kuma ƙarawa saboda zafin ɗaki da rawa, ba za ta san abin da ta sha ba sai ta miƙe tsaye ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Taron biki kuwa ba na mashaya ba ne su kaɗai. Akwai yara, akwai mai ciki, akwai tsoho mai ciwon sukari ko mai shan magani, akwai wanda zai tuƙa mota ya mai da iyali gida, akwai kuma wanda addininsa ya hana shi. Hukuncin giya a wurin Musulmi sananne ne, ba sai na tsaya maimaita shi ba. Duk waɗannan mutane kwano ɗaya suke kallo, ludayi ɗaya ake miƙa musu.

Saboda haka ra'ayina shi ne, tambayar ko abarba ko lemun tsami ita ce ƙarama. Babbar ita ce ko baƙo ya san abin da aka zuba masa. Uwar biki da ta ajiye kwano ɗaya tak mai ram ta ce kowa ya sha, ba ta kyauta wa baƙinta ba, komai daɗin haɗin. Kwano biyu ya kamata, a nesa da juna, a rubuta a jikin kowanne abin da ke ciki da manyan baƙaƙe, kowanne da ludayinsa, kuma a sa babban mutum ya tsaya a kan mai ram ɗin yana zubawa da kansa. Kada a bar shi ga samari, don an san halin wasunsu, da sun ga kwano ya yi ƙasa sai su tuntsura wata kwalbar a ciki ba awo. Na san za a ce wannan ƙi-faɗi ne, biki ba asibiti ba ne, kowa ya san fancin Jamaika da ram ake yinsa. Kowa a Kingiston ya sani, gaskiya ne. Amma ga mai wasiƙarmu nan, maƙwabciya ta ƙut da ƙut, ba ta sani ba, kuma ba ita kaɗai ba ce.

Yanzu ga inda na fi so ku buɗe kunne. Jan nan da Iya ta ambata, wanda suke kira sorel, ba wani abu ba ne illa zoɓorodonmu, watau 'ya'yan yakuwa. Tsiro ɗaya ne. A Jamaika shi ne abin shan Kirsimeti, suna jiƙa shi da citta da kanumfari kamar yadda muke yi. Bambancin kawai, a gidaje da yawa sukan tsiyaya masa ram kafin a kai wa manya. To kun ga tarkon. Bahaushiya za ta shiga ɗaki ta ga jan abu a kwano, ta ji ƙamshin citta, ranta ya yi fari ta ce ga na gida, ta ɗauka ba tambaya. Launi ba ya shaida. Haka kuma akwai wani ruwa mai ɗaci na Tirinidad mai suna Angostura, wanda ake ɗigawa kaɗan a fanci don ƙamshi, har a wanda ake cewa na 'ya'yan itace ne zalla. Shi ma sama da kashi 44 nasa barasa ce. Ɗigo ne ake yi, ba ya bugarwa, amma mai kiyayewa ya kamata a gaya mata. Ku 'yan mata da za ku tafi karatu waje, ko kuke zuwa liyafar abokan aiki a manyan otal, ku koyi buɗe baki ku ce, me aka sa a ciki? Ba ƙauyanci ba ne. Kuma kofin da ba a gabanki aka zuba ba, ki bar shi.

Ke kuwa 'yar'uwa ta Landan, ga amsarki. Ki ce wa Iya zancen kwanon ram nata ne da danginta, su suka san abinsu, ke ba za ki sa hannu a ciki ba, amma kin ɗauke mata nauyin kwano na biyu. Dattijuwa mai hankali za ta yi murna, don kin rage mata aiki. Ki ari awon Barbados ɗin nan, sai dai a gurbin ram ki sa ruwan citta mai yaji wanda kika jiƙa tun daren jiya kika tace. Ki rage zaƙin ya koma mudu ɗaya da rabi, domin sukarin nan mai yawa don ya danne zafin barasa aka sa shi, in babu ita sai ya gundure mutane. A gurbin ruwa ki raba biyu, rabi ruwan abarba rabi ruwan sanyi. In Iya ta zaɓi ja, ke naki ya zama ruwan ɗorawa, kada launi ya zo ɗaya ko kusa. Ki yi lita 12 ko fiye, don za ki ga har masu shan ɗayan suna dawowa wurinki in ƙishirwa ta kama su. Ƙanƙara kuwa kada ki sayi ƙananan nan, nan da nan suke narkewa su salance abin sha. Ki cika roba da ruwa ki sa a firiji kwana biyu kafin biki, ki jefa dunƙulen gaba ɗaya sa'ad da baƙi suka fara shigowa. Ki gai da Iya, Allah ya ba amarya zaman lafiya.