FATALWA KO HASSADA? AMSA GA ABOKAI BIYU DA SUKA SAƁA A KAN WANI LITTAFIN TURAWA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda rayuwa da mutuwa ke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu ɗan jingine bayanin da muke yi a kan hukunce-hukuncen ciniki, domin mu amsa wasiƙu biyu da suka iso mana cikin ambulan guda. Masu wasiƙun abokan juna ne, ɗaya ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, ɗayan kuwa ɗan kasuwa ne a Kano. Sun karanta littafi guda, suka saɓa a kansa, har gardama ta yi tsawo, sa'an nan suka yarda su kawo mana ita.

Littafin ƙagaggen labari ne cikin Turanci, sunansa The Little Stranger, watau ɗan ƙaramin baƙo. Wata marubuciya 'yar Birtaniya mai suna Sarah Waters ta wallafa shi a shekarar 2009. Ma'aikacin ya ce bai taɓa karanta labarin da ya kama zuciyarsa kamar wannan ba, har ya yi kwanaki yana jin tsoron motsin ƙofa da dare. Tambayarsa ita ce, shin matacce yana iya komowa gidansa ya dami masu rai? Ɗan kasuwar kuwa ya ce an cuce shi. An ce masa labarin fatalwa ne, ya bi shafi kusan 500 yana jira, bai ga fatalwa ba, marubuciyar kuma ba ta gaya masa abin da ya faru ba a ƙarshe. Ya ce shi kamar wanda aka gayyata walima ne aka sallame shi da ƙanshin miya. Ya ƙara da cewa a ganinsa karanta irin wannan haramun ne, tun da ƙarya ce tsagwaronta.

Wannan saɓani ba a kansu ya fara ba. A can Ingila ma haka masu karatu suka rabu. Littafin ya shiga cikin shida na ƙarshe a gasar Booker ta 2009, wadda Hilary Mantel ta lashe, aka kuma mai da shi sinima a 2018. Duk da haka akwai masu kukan cewa tafiyarsa ta cika nawa, ƙarshensa kuma a rufe yake. Mun nemi aron littafin, muka karanta shi a tsanake, domin malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san siffarsa.

Ga labarin a taƙaice. Abin ya faru ne a gundumar Warwickshire ta ƙasar Ingila a 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da haraji ya yi wa masu manyan gidajen gado nauyi, barori kuma suka watse zuwa aikin masana'antu. Akwai wani katafaren gida da ake kira Hundreds Hall, na zuriyar Ayres. Mutum uku suka rage a cikinsa: uwa gwauruwa, da 'yarta Caroline, da ɗanta Roderick wanda ya dawo daga yaƙi da ƙuna da ɗingishi. Akwai kuma wata yarinya mai aiki, Betty. Gidan yana zubewa, kuɗi sun ƙare, ana sayar da filayensa kaɗan kaɗan.

Mai ba da labarin wani likita ne, Faraday. Mahaifiyarsa ta taɓa yin aikin raino a wannan gida. Yana ɗan shekara 10, a 1919, aka shigar da shi gidan ranar wani biki, kyawunsa ya ruɗe shi, har ya sa 'yar wuƙarsa ya ɓamɓare wani ɗan ƙwallon ado daga jikin bango ya jefa aljihu. Bayan shekara kusan 30 aka kira shi duba Betty, daga nan ya zama abokin gidan. Tun da ya fara zuwa sai abubuwa suka soma lalacewa. Karen gidan mai sanyin hali ya ciji 'yar baƙi. Tabon ƙuna ya riƙa bayyana a ɗakin Roderick, daga baya wuta ta tashi, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali. Ƙararrawa ta riƙa kaɗawa ba mai taɓa ta. Uwar ta gaskata cewa 'yarta ta fari, Susan, wadda mashaƙo ya kashe tun tana ƙarama, ita ce ta komo, ƙarshe ta rataye kanta. Likita ya nemi auren Caroline, ta yarda, daga baya ta fahimci gidan yake so ba ita ba, ta fasa, ta ƙudura sayar da gidan. Ba a jima ba ta faɗo daga saman bene cikin dare ta mutu, bayan Betty ta ji ta yi magana kamar wadda ta ga wanda ta sani. A wannan dare likita yana barci cikin motarsa, yana mafarkin ya nufi gidan. Labarin ya ƙare yana yawo shi kaɗai cikin kangon yana neman fatalwar, ba ya ganin kome sai fuskarsa a jikin fasasshen gilashin taga.

Mas'ala ta farko ita ce ta ma'aikaci, watau komowar matacce. Amsa a nan a fili take, babu saɓani a cikinta. Wanda ya mutu ba ya komowa duniya ya zauna a ɗaki, ko ya buga ƙofa, ko ya rama abin da aka yi masa. A cikin Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, Allah Ya ba da labarin mai roƙon a mayar da shi duniya sa'ad da mutuwa ta zo masa, aka ƙi, aka kuma bayyana cewa akwai shamaki, watau barzahu, har zuwa ranar tashi. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Haram, mahaifin Jabir, wanda ya yi shahada a Uhudu. Ya roƙi Ubangijinsa Ya mayar da shi duniya domin a sake kashe shi a kan tafarkin Allah, aka sanar da shi cewa hukunci ya riga ya gabata, ba a komawa. To, in shahidin Uhudu bai samu wannan ba, ina ga waninsa?

Larabawan Jahiliyya ma suna da tasu fatalwar, suna kiranta hama. Sun ɗauka cewa wanda aka kashe ba a ɗaukar masa fansa ba, wani tsuntsu kamar mujiya yakan fita daga gare shi yana kuka a kan kabarinsa har sai an rama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore wannan a hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim. Aljanu kam gaskiya ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su, amma su wata halitta ce dabam, ba rayukan matattu ba. Maganin sharrinsu kuma sananne ne: zikirin shiga gida, da Ayatul Kursiyyu, da karanta Suratul Baƙara a cikin gida kamar yadda ya zo a Muslim. Saboda haka, malam ma'aikaci, ka kwanta ka yi barcinka.

Mas'ala ta biyu ita ce ƙorafin ɗan kasuwa cewa labarin ba ya sauri, kuma bai ga fatalwa ba. Alhaji, muna ganin ka gan ta, ba ka dai gane ta ba ne, domin ita ce take ba ka labarin tun daga shafin farko. Marubuciyar ba ta yanke hukunci da bakinta ba, wannan gaskiya ne. Amma duk wanda ya lura zai ga cewa kowane bala'i ya auku ne bayan an taɓa zuciyar likita, ko an tuna masa asalinsa, ko wani ya tsaya tsakaninsa da gidan. Yaron da ya ɓamɓare adon bango bai taɓa barin ɓamɓara ba. Abin da ke cin gidan nan, a fahimtarmu, hassada ce da kwaɗayin abin hannun wani.

Ita kuwa hassada ba ta da gaggawa, shi ya sa labarinta ba zai yi gaggawa ba. Ɓarawo yakan fasa shago cikin dare guda, amma gara takan shekara tana cin azara mai gida bai sani ba. Da marubuciyar ta fito da dodo a shafi na goma, da ta ba ka tsoro na sa'a guda. Sai ta zaɓi ta nuna maka mutum mai ladabi, mai taimako, mai yi wa gidan magani ba ya neman lada, wanda shi kansa bai san abin da ke cikin ransa ba. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa sabubban hassada guda 7, daga cikinsu akwai jin zafin wani ya ɗaukaka a kanka, da tsoron kuɓucewar abin da kake buri. Duka biyun suna jikin wannan likita.

Wani likita a cikin labarin ya kawo ra'ayin cewa wani ɓangare na zuciyar mai rai yana iya ɓallewa ya tafi ya yi ɓarna. Wannan zato ne na masu labari, ba mu da hujja a kansa, kuma muna gargaɗi da shi, domin ya yi kama da abin da jahilai ke faɗa a kan maita, wanda ya sa an tozarta tsofaffin mata da yawa a garuruwanmu ba da haƙƙi ba. Abin da shari'a ta tabbatar shi ne kambun baka da sharrin mai hassada. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Amiru ɗan Rabi'a ya ga Sahlu ɗan Hunaifu yana wanka, ya yaba kyawun jikinsa bai sa albarka ba, Sahlu ya faɗi. Annabi ya yi fushi da Amiru, ya umurce shi ya yi wanki domin a zuba wa ɗan'uwansa ruwan, ya warke. Ku lura, Amiru sahabi ne, bai yi nufin cuta ba. Suratul Falaƙi kuma an rufe ta da neman tsari daga mai hassada. Jinin farko da aka zubar a bayan ƙasa, na Habila, hassada ce ta zubar da shi, ita ce kuma ta jefa Annabi Yusufu cikin rijiya ta hannun 'yan'uwansa.

A nan ne littafin ya shafe mu. Sau nawa gidan attajiri yakan rushe bayan rasuwarsa, a ce aljanu ne, ko asiri ne, ko mamacin ne bai yafe ba, a kwashi kuɗin marayu a kai wa boka? In an bincika sai a tarar da yaron shago da ya shekara ashirin yana ƙirga dukiyar da ba tasa ba yana cizon yatsa, ko ɗan'uwan da ya ƙi a raba gado domin yana riƙe da makullai. A ofis ma haka: takardar ƙarin girman wani takan ɓace a kan teburin abokinsa da suke cin abinci tare. Kowannenmu ya binciki kansa kafin ya binciki maƙwabcinsa, domin likitan nan har labarin ya ƙare yana ganin kansa mutumin kirki. Allah Ya hana mu burin abin da Ya fifita wasu da shi a kan wasu, a Suratun Nisa'i aya ta 32, Ya umurce mu da roƙonSa daga falalarSa. Wanda ya ga abin da ya ba shi sha'awa a hannun ɗan'uwansa, to, ya sa masa albarka, ya yi masa addu'a a ɓoye.

Masu wadata su ma da nasu rabon. Mutanen gidan Ayres sun karɓi likita, amma ba su bar shi ya manta cewa shi ɗan baiwar gidan ne a idonsu ba. Wulaƙanci taki ne ga hassada. Maigidan da ya tsare haƙƙin yaronsa, ya sallame shi da jari a kan lokaci, ya fitar da zakka, ya toshe wa kansa ƙofar sharri babba.

Mas'ala ta uku ita ce hukuncin karatun. Ƙagaggen labarin da mai faɗa da mai ji duka suka san misali ne, ba ya shiga cikin ƙaryar da aka haramta a wurin malamai da yawa. A zaurukanmu ana karantar da Maƙamatul Hariri, alhali kowa ya san Abu Zaidi da yawace-yawacensa shiri ne na mawallafi. Haka Kalila wa Dimna. Sharaɗi shi ne kada ya hana salla ko aikin da ake biyanka albashi dominsa, kada kuma ya gurɓata aƙida. Wannan littafi yana da shan giya da rawa da keɓewar namiji da mace irin na al'adarsu, don haka ba na yara ba ne. Wanda kuma ya san zuciyarsa mai rauni ce, tsoro yana kama shi har ya kasa fita sallar asuba, barinsa ya fi masa.

Hukuncinmu tsakanin abokan nan biyu ke nan: ma'aikaci ya yi daidai da ya ji tsoro, sai dai ya ji tsoron abin da ba shi ne abin tsoro ba. Ɗan kasuwa ya yi daidai da ya ce babu fatalwa, sai dai ya yi gaggawar rufe littafin a ransa. Muna roƙonsu su bar gardama, su yi musafaha. Allah ne Mafi sani.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga hassada da ƙyashi, Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu zuwan. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan bayanin ciniki, inda muka tsaya a babin bashi da jingina. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.