Waiwaye: Lokacin da Unguwa Ce Adireshinmu

Mu mutanen Gadarif mun san kakanninmu ba da takardar adireshi suka iso Sudan ba. Wasu hanyar Makka ce ta kawo su, guzuri ya ƙare suka tsaya noma. Wasu ayarin Mai Wurno suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, daga baya 'ya'yansu suka bazu har nan, ƙasar dawa da riɗi. Duk da haka, a wancan zamani da wuya a nemi mutum a rasa. In masinjan kotu ya zo da sammaci, ƙofar mai unguwa yake tsayawa, ko ya jira liman bayan La'asar. Sai a ce masa, "Ai wane yana gona wajen Doka." Kafin gari ya waye an ɗora yaro a jaki, saƙo ya isa.

Abin da ya riƙe mu a lokacin, sallama ce. Ba mai barin unguwa bai shaida wa maƙwabci inda ya nufa da ranar dawowarsa ba. Ita ce al'adar da muka bari ta kuɓuce mana, muna ganin waya ta wadatar.

Ku dubi ɗan ƙwadagon da ya yanke wa mai gona riɗi, aka hana shi ladan guminsa. Ba shi da kuɗin lauya. Ya tsuguna gaban mai rubuta ƙara a bakin kotu, aka tambaye shi inda yake zaune, ya ambaci kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, inda yake kwana. Kaka ta wuce, kambo ya watse, ya bi aiki wani gari, layin wayarsa ma ya canza. Aka kai takarda ba kowa. Ranar zama aka kira sunansa, shiru. Dokar shari'ar farar hula ta Sudan ta 1983 ta ba alƙali ikon soke ƙarar mai ƙarar da bai halarta ba. Gaskiyarsa tana nan, amma an rufe fayil.

Kada mu ga laifin alƙali, abin da ke rubuce ya sani. Mai lauya, ofishin lauyansa ne adireshinsa. Wanda ya tsaya wa kansa kuwa, shi ne mai ƙara, shi ne mai bibiya. Har a kotunan tarayya na Amurka, wanda ya sauya gida bai sanar ba yana iya rasa ƙararsa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar, Gadarif ta cika da 'yan'uwa masu gudun hijira, wasu a makarantu suka kwana. Da yawa sun baro shari'ar gado, ta fili ko ta bashi a bayansu. Allah Ya kawo mana zaman lafiya.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk wanda ya tashi, ya je wurin magatakardan kotu ya rubuta sabon mazauninsa, a buga hatimi, ya adana kwafi. Ya haɗa da sunan dattijon da ba ya barin gari. In an riga an soke ƙarar, ya gaggauta kai uzurinsa ya nemi a maido ta, domin jinkiri yana cinye haƙƙi. Mu da Allah Ya hore wa karatu kuwa, mu rubuta wa wanda bai iya ba, mu raka shi har gaban magatakarda.