Turanci Iri-iri a Aji Guda

Duk shekara, masu yi wa ƙasa hidima suna fitowa daga sansanin Wamakko bayan mako uku na fareti, a rarraba su makarantun Boɗinga, Sifawa da Shagari. Da yawansu daga Ibadan ko Enugu suka zo. Suna da digiri, yaran kuma suna da littafi, amma sau da yawa makon farko yakan ƙare ba wanda ya fahimci wani.

Dalili a kunne yake. Bayarabe yakan haɗiye harafin "h" a farkon kalma. Wasu daga gabas sukan musanya "l" da "r". Shi kuwa Basakkwace, wanda ko a Hausarsa "tahi" yake cewa ba "tafi" ba, ya sha fama da "p" da "f". Sai malama ta tambayi yaro, ya ba da amsa daidai, ita kuma ta ji wani abu dabam ta ce ya sake. Ya sake sau biyu, aji ya fashe da dariya. Gobe ba zai ɗaga hannu ba, kuma a rahoton ƙarshen zango za a rubuta cewa ba ya ƙoƙari.

Abin ba sabo ba ne. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, a bakin Turawan Ingila ya ji Turanci kafin ya koyar a Midil ta Sakkwato. Daga 1961 matasan Amurka 'yan sa-kai na Peace Corps suka shigo da nasu lafazin. Da kuɗin mai ya samu a shekarun 1970, makarantun Arewa suka cika da malamai 'yan Indiya, Pakistan da Gana, har zuwa korar baƙin haure ta 1983, a mulkin shi Shagarin, wadda ta kwashe 'yan Gana da dama. Dattawan da suka yi sakandare a lokacin har yau suna kwaikwayon malamin lissafi Ba'indiye, amma malamin yakan daɗe har kunne ya saba da shi.

Nan ne shirin yi wa ƙasa hidima na NYSC, da aka kafa a 1973, ya gaza. Shekara ɗaya ce tak. Yara na fara gane bakin malama sai ta haɗa kayanta, wani ya zo daga wata jiha da sabon lafazi. A ƙarshe kuma WAEC ta gwada su da furucin Ingila, wanda ba su taɓa ji a aji ba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Cikin mako ukun Wamakko a ware kwana biyu, malaman Turanci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su nuna wa baƙi masu hidimar inda harshen ɗan Sakkwato ke tuntuɓe da inda nasu ke yi. Shugaban makaranta ya haɗa kowane baƙo da malami ɗan gari a watan farko, a kuma sa shi ya riƙa rubuta kowace sabuwar kalma a allo kafin ya furta ta.